Na Je Maraɗi Gyaran Shafi, Na Taɓo Baba Lawali

Tun da na dawo daga Maraɗi wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce in ba ta labari, waccan ta ce ina tsarabarta, wata kuma tambayarta ɗaya ce, wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu. Na maimaita har muryata ta dishe a gidan sunan da muka je Kusada. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambayata zan tura mata ta karanta da kanta. Tsaraba kuwa kilishi ne, kuma ya ƙare tun a mota. Kawu Sale ne shaida, don shi ya ci fiye da rabi.

Bari in fara da aikin da ya kai ni, don har yau akwai masu kawo mini waya in gyara musu. Ni ba na gyaran waya, ba na gyaran kwamfuta, kuma ba ni ke zaɓen launin shafi ba. Aikina shi ne in yanke inda kowane bayani zai zauna a shafin intanet na jami'a, da sunan da za a kira shi, da abin da zai zo gaba da abin da zai bi baya. Burina uba yana zaune a Sukuntuni da ƙaramar wayarsa ya gano ranar rajistar ɗansa ba tare da ya kira kowa ba. Ranar da na yi wa Inna wannan bayani, sai ta ce, "Ashe jere kike yi musu." Tun daga nan ban sake samun bayanin da ya fi nata ba.

Bara na ajiye aikin albashi a Katsina na dawo Kankiya ina yin wannan da kaina, daga ɗakina. Mutane da yawa sun ce na yi wauta, wasu a gabana, wasu a bayana. Saboda haka da wata jami'a mai zaman kanta a Maraɗi ta neme ni, wadda ba zan faɗi sunanta ba, na san wannan ce damata. Suna son shafinsu ya fito da Faransanci da Hausa, kuma ya zama mutum zai iya samun abin da ya zo nema. Idan suka karɓi tsarina, ƙofar wasu makarantun can ta buɗe mini. Idan suka ƙi, sai in dawo in fara tunanin yadda zan roƙi tsohuwar kujerata. Tun kafin in tashi na tura musu zanen farko na yadda nake ganin jeren zai kasance, ina ta jin daɗin kaina.

Maigidana malamin makaranta ne, kuma tafiyar ta faɗo lokacin jarrabawa, don haka aka ce Kawu Sale ya raka ni. Kawu ƙanen Inna ne, manomi a Dudunni, ya gama ɗibar wakensa yana zaune ba aikin fari. Na je ɗauko shi na tarar ya shirya kamar mai ƙaura. Ga buhun wake, ga buta, ga zabi biyu a kwando, wai na wani ɗan'uwanmu ne da rabonsa da shi tun suna samari.

"Kawu, aiki fa za ni, ba biki ba."

"Ke ki yi aikinki, ni in yi zumuncina. Mi ya haɗa mu?"

Ni ma ba a bar ni a baya ba wajen kaya. Ban da kwamfuta, ina ɗauke da jaka cike da ƙananan katuna. Kowane kati ɗauke yake da sunan shafi ɗaya, gaba da Hausa, baya da Faransanci. Haka muke aiki. A zube katunan a gaban ɗalibai da iyaye, a ce su haɗa waɗanda suke ganin 'yan gida ɗaya ne, daga nan sai ka ga yadda kan mutane yake tafiya, ba yadda kan ma'aikata yake ba. Kawu ya leƙa jakar ya ce, "Ke Rabi, zaɓe za ki tsaya?"

Daga Kankiya zuwa Katsina ba wani labari, sai zabin da suka hana kowa barci. Daga Katsina zuwa Jibiya kuwa mota ba ta gama ɗaukar gudu sai ta tsaya a shinge. Wata mata da ke kusa da ni, mai kai atamfa Maraɗi, ta ce in daina duba agogo, ba ya aiki a wannan hanya. Ta ba ni gyaɗa, ta tambaye ni ko ina da aure, da na ce ina da shi ta ce kash, da ƙanenta ya dace.

A kan iyaka aka sauke mu aka ce kowa ya buɗe kayansa. Kawu ya sunkuya zai kwance buhu, kwandon ya kife, zabuwa ɗaya ta fice. Ita ce ta fara shiga Nijar a cikinmu, ba fasfo ba katin rigakafi. Kawu ya tattare babbar riga ya bi ta, masu canji da masu kabu-kabu suna yi masa ihun ta nan, ta can. Ni kuma ina tsaye gaban jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, ya zuge jakata ya ga katuna fal.

"Madam, mi ne ne wanga? Karta?"

"Ba karta ba ce, ranka ya daɗe, kayan aiki ne."

Ya ɗauki ɗaya ya karanta, masaukin ɗalibai. Ya ɗauki wani, sakamakon jarrabawa. Na yi masa bayani a taƙaice. Sai na ga fuskarsa ta sake, ya fara jera su a kan teburinsa kamar shi aka ɗauko aikin. Ashe yana da 'ya a jami'a. Ya juya tulin ya sake juyawa, ya ce, "To ina katin lambar da in an kira ake ɗauka?" Ba ni da shi. Nan take na ciro sabon kati na rubuta, ya gyaɗa kai ya buga mini hatimi. Kawu ya dawo da zabuwarsa a hammata, hularsa a karkace, yana haki yana cewa ai da ma ya san ba za ta yi nisa ba.

Mun shiga Maraɗi bayan la'asar. Madam Zainabu, mai kula da kwamfutocin jami'ar, ita ta tarye mu a tasha. Doguwa ce mai fara'a, tana magana tana haɗa Hausa da Faransanci ba ta ma sani ba. Ta kai mu gidan baƙi na jami'a, ɗaki biyu masu tsabta da bishiyar dalbejiya a tsakar gida. A nan na fara gane na bar gida. Cajar kwamfutata mai ƙafa uku ce, soket ɗinsu kuwa rami biyu ne zagayayyu. Madam Zainabu ta ara mini tata kwamfutar kafin a samo mahaɗi, na zauna zan shiga akwatin saƙona, na buga kalmar sirri ta ƙi, na sake ta ƙi. Har na fara zargin an yi mini kutse, sai na duba da kyau na ga haruffan allon nasu ba a inda na saba suke ba. Ni da na zo gyara wa mutane jere, jeren haruffa ya kayar da ni tun ranar farko. Madam Zainabu ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da safe aka kawo mana burodin nan da kuke tambaya. E, ya kai tsawon hannu, kuma bayansa da tauri. Kawu ya ɗaga shi ya juya ya ce wannan ai sandar kiwo ce, ya fita da butarsa, bai dawo ba sai da ya gano mai koko da ƙosai a bayan masallaci. Ni dai burodin ya yi mini, musamman da madara mai zafi. Furarsu ta fi tamu kauri, dambunsu da zogale kuwa sai da na nemi ƙari ba kunya. Abin da ban saba da shi ba shi ne yadda gari ke yin tsit bayan azahar. A Kankiya lokacin ne kasuwa ke ci, a can kuwa sai ka ga an ja ƙofofi, kowa ya miƙe. Ranar farko na yi ta zarya a baranda da katunana, ban sami ko mutum ɗaya da zan tambaya ba.

Shugaban jami'ar mutum ne mai sanyin magana. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce zanen da na turo ya burge shi.

"Amma kin taɓa Baba Lawali," in ji shi.

Baba Lawali shi ne shugaban laburare. A tsohon shafin, da ka buɗe za ka ga jawabin shugaban jami'a, biye da shi jawabin Baba Lawali da babban hotonsa, kafin kowane shugaban tsangaya. Ni kuwa a zanena na ɗauke jawabin daga shafin farko, na mayar da laburare can ciki, wajen abubuwan ɗalibai, tsakanin masauki da asibiti. A wurina wannan ba abin magana ba ne, don ba wanda ke buɗe shafin jami'a domin ya karanta jawabi.

"Shi ne ma'aikacin farko da aka ɗauka a gidan nan," shugaban ya ci gaba. "Kuma shi ya koya mini karatu a lakwal, makarantar boko, ina yaro. Ko a taro ba na zama sai ya zauna. Ƙarshen shekarar nan zai ajiye aiki. In ya yarda da tsarinki, mun yarda. In bai yarda ba, ki yi haƙuri, ba zan iya tsallake shi ba."

Na yi masa sallama na fito. Raina kuma ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na baro Kankiya, na sha shingaye, na bi zabuwa da ido a kan iyaka, ashe duk aikin yana rataye a kan hoton dattijo ɗaya. Na je ofishin Baba Lawali in yi masa bayani, na tarar da shi zaune tsakanin kantocin littattafai, siririn tsoho da farin gemu da tabarau a kan hanci. Na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa. Na buɗe kwamfuta, ya ce yana da aiki.

Washegari muka yi aikin katuna da ɗalibai a wani aji. Abin ya yi daɗi ƙwarai. Suna gardama, suna ƙwace kati daga hannun juna, wata ta rantse kuɗin makaranta da ranar rajista 'yan ɗaki ɗaya ne, wani ya ce sam. Da suka gama, kowane kati ya sami tuli, ban da guda ɗaya da suka ajiye a bakin taga. Na tambaya, suka ce ba su san inda za su sa shi ba. Jawabin shugaban laburare ne. Ina juyawa sai ga Baba Lawali a bakin ƙofa, ya zo wucewa ya tsaya kallo. Ya dubi katin, ya dube ni, ya gyara tabarau ya tafi. Abin da nake so a tabbatar ke nan, an kuma tabbatar, amma wallahi ban ji daɗi ba ko kaɗan. Tausayinsa ne ya kama ni, da kunya.

Na koma masauki na zauna ƙarƙashin dalbejiya ina tunani. A gidanmu ko tukunyar Inna ba ka matsar ba ka gaya mata ba. Ni kuwa na ɗauke wa dattijo mazauninsa tun daga wata ƙasa, ta saƙon intanet, ko sallama ban yi masa ba. Na tambayi Madam Zainabu gidansa. Kawu ya ce zai raka ni, da ma ɗan'uwan da ya kawo wa zabi an ce ya koma Agadas da daɗewa, ga zabi sun rasa mai su. Muka ɗauke su muka tafi, na bar kwamfuta a ɗaki.

Baba Lawali ya yi mamakin ganinmu, amma ya shimfiɗa tabarma. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida uba, na shiga ciki na gaida mai ɗakinsa, na fito na zauna gefe. Ban ce komai game da shafi ba. Shi da Kawu suka kama hirar damina, da tsutsar da ta ci wake, da yadda Katsinawan can da na nan kakanninsu ɗaya. Aka ɗora shayi a kan gawayi. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofi ake ba ka, kuma zagaye uku ne, na farko da ɗaci kamar magani. Kawu ya kurɓa ya runtse ido, ya ce, "Wanga ko a asibiti sai da takardar likita." Baba Lawali ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa.

Sai a kofi na ƙarshe, mai zaƙin, na ce, "Baba, na yi kuskure da ban fara zuwa wurinka ba. Ka yi mini afuwa. Ina da tambaya ɗaya, in ka ba ni izini. Yara in sun shigo laburare, me suka fi tambayarka?"

Ya ajiye kofi. "Ɗiyata, tambaya kamar ruwan sama. Baba, ana buɗewa ran Asabar? Baba, in na tahi hutu zan iya tahiya da littahi? Ina tambayoyin jarrabawar bara suke? Akwai wurin cajin waya? In littahi ya ɓace a hannuna mi za a yi mini? Wani ma kunya yake ji, sai ya yi ta zagaye kanta har in kira shi in ce mi kake nema."

Ya yi ta zubo su, yana kwaikwayon muryoyin yaran, yana ba da amsar kowace. Akwai ragowar fararen katuna a jakar hannuna. Na ce ko zan iya rubutawa, ya ce bismilla. Kafin kiran magariba tuli ya taru a kan tabarma, kuma ko ɗaya daga cikin amsoshin nan babu shi a shafin jami'ar, tsoho ko sabo. Na miƙa masa tulin na ce nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi. Muka yi sallama. A hanya Kawu ya ce bai ga alamar na ci nasara ba, amma dai zabi sun sami gida.

Ranar taron yanke shawara na shiga zauren da kwamfutata. Shugabannin tsangayoyi sun hallara, kowa na tsaye, ana jiran Baba Lawali. Ya shigo a hankali, ya zauna, kowa ya zauna. Na yi bayanina, Madam Zainabu tana juyawa da Faransanci inda ya kama. Da na gama, duk ido ya koma kansa. Ya sa hannu a aljihun riga ya fito da tulin katunan nan, ya ɗaure su da zare, ya ajiye a tsakiyar tebur.

"Tun da anka buɗe gidan nan nake amsa waɗannan da bakina," ya ce. "In na tahi, wa zai amsa? Ku sa su inda yaro zai gani da ya buɗe. Ni kuwa, ɗiyata, ki sa ni inda kika ga dama."

Shugaban jami'a ya sunkuyar da kai yana goge tabarau, ni ma na ji idona ya kawo ruwa. Sai Baba Lawali ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa amma hoton nan a canza shi, ya sa shi ya yi kama da mai shekara ɗari. Aka fashe da dariya, aka sa hannu a kan tsarin.

A sabon shafin, tambayoyinsa suna nan daga shafin farko, latsawa ɗaya. Na rubuta amsoshin yadda ya faɗe su, ban gyara masa magana ba, kuma a ƙasan kowace na sa sunansa. Jawabin yana ciki wajen tarihin jami'a, da sabon hoto wanda shi ya zaɓa bayan ya ƙi guda huɗu.

Dawowa ba ta yi wahala ba. Kawu ya sayo burodin nan da ya kushe har guda uku, wai zai nuna wa mutanen Dudunni. Na sauke shi a Kusada ya kama hanyar Dudunni, na iso Kankiya da ƙafafu a kumbure da zuciya fes. Inna ta tambaye ni ko jeren ya yi, na ce ya yi, har wata makarantar ta can ta turo a yi mata.

Shekaranjiya ina wanke-wanke saƙon murya ya shigo daga lambar Nijar. Na goge hannu na kunna.

"Ɗiyata, Baba Lawali ne. Ƙara na kawo. Yau wata yarinya 'yar shekarar hwarko ta shigo, ta gaishe ni, ta wuce kai tsaye wajen tambayoyin bara, ta ɗauka, ta zauna kusa da wurin caji. Ba ta tambaye ni komi ba. Na bi ta na ce mi kike nema, ta ce ai Baba ka riga ka gaya mini a waya. Na koma kujerata na zauna kamar baƙo. Kin raba ni da hira, ɗiyata." Har na ɗauka saƙon ya ƙare. Can ya ce, "Yanzu ko gobe na tahi, ba komi. Allah shi yi miki albarka."